Manaja Ba Ya Kuka

"...da kwanan gida? Ya jikin Manaja?"

"Manaja lafiyarsa ƙalau. Ka ga halinka ke nan, ka tambayi zomo kafin ka tambayi matarka. Shi ya sa har yau ba wadda ta yarda ta zauna da kai."

"Ai ina da mata. Ga ki nan, tun ina cikin zanen goyo kike cin abincina."

"Abincin wa? Mijin da ko tsinken ashana bai taɓa shigowa da shi gidana ba. Matsa ka ba ni hanya."

Mai wannan faɗan ita ce Sista. Ta ajiye aikin jinya tun jikanta yana sakandare, amma sunan ya ƙi yin ritaya, har 'ya'yan cikinta da shi suke kiranta. Wanda take yi wa kuwa ɗan babbar 'yarta ne, likitan dabbobi, ko da yake ita ba ta taɓa ce masa likita ba sai ta ɗora masa "na awaki" a baya. Asibitinsa shago ne mai ɗaki biyu, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Akwai benci a gaba, a ciki kuma teburin ƙarfe, da sikeli, da ƙaramin firji, da hoton karnuka a bango wanda rana ta cinye launinsa.

Ta shigo riƙe da kwando an lulluɓe shi da tawul. Ta dire kwandon a hankali, sannan ta zaro wata 'yar kwalba daga jakarta ta ƙwanƙwasa ta a kan teburin.

"Ga kayanka na dawo maka da shi. Ka ba mai buƙata."

Likita ya ɗauki kwalbar ya juya ta. Maganin rage ciwo ne da ya ba ta shekaranjiya, ranar da ya yi wa zomon aiki ya cire masa ƙurji a muƙamuƙi. Murfin ma ba a murɗa ba.

"Amarya, wannan ai ko ɗanɗanawa bai yi ba."

"Ya ɗanɗana me? Mai ciwo ake ba magani. Wannan bawan Allah tun da na kai shi gida ko tari bai yi ba. A duk shekarun da na yi a asibiti ban taɓa ganin majinyaci mai kunya da natsuwa irinsa ba. Da irinsa ake kwantar mana, da har yau ban yi furfura ba."

"Furfurarki ai tun ana ɗaukar hoto baƙi da fari take. To me ya sa kika ɗauko shi, tunda lafiyarsa ƙalau?"

"Na kawo shi ka ga yadda maza suke. Kai da aka yi maka allurar rigakafi sai da mutum uku suka danne ka, har ka jiƙa mini farar rigata."

Ta faɗi haka ne tana gyara mayafi, amma ba shi ne gaskiyar abin da ya fito da ita ba. Ganyen karas ɗin da ta zuba masa jiya, yau da safe ta same shi a bushe yadda ta bar shi. Ta ɗaga tiren da ke ƙasan kejinsa ta tarar da shi fes, babu ko ƙwayar kashi. Kuma da ta buɗe ƙofar kicin bai taso ya shinshina mata ƙafa ba. Zomon nan marigayi mijinta ne ya shigo da shi cikin aljihun babbar riga, shi ya raɗa masa Manaja, wai don ya ci ya kwanta ya zura wa masu aiki ido, kamar wani da ya sani a kamfaninsu. Tun da marigayin ya tafi, Manaja ne kaɗai ke jiran motsinta da safe a gidan. Tsoro take ji sosai, amma ta gwammace ta hau motar haya da kwando da ta buɗe baki ta ce tana jin tsoro.

Likita ya yaye tawul ɗin. Manaja yana can lungun kwandon a dunƙule, ya tattare ƙafafunsa a ƙarƙashinsa, ya tura haɓa ƙasa.

"Ya ci abinci?"

"Yana rage ƙiba."

"Ya sha ruwa?"

"Ba ya son ruwan unguwarmu, ya ce akwai gishiri."

"Ya yi kashi?"

"Kai dai ba ka da kunya. Manaja guda za ka tambaya wannan a gaban mutane? Yajin aiki yake yi. Ya ce sai an ƙara masa albashi."

"Manaja ba ya yajin aiki, tsohuwa, shi ake yi wa. Matso ki gani."

"Ina gani daga nan. Idona ya fi naka da gilashinka."

"To dubi nasa idon. Kin ga yadda ya tsuke shi?"

"Tunani yake yi."

"Kunnuwan fa? Ya kwantar da su sun manne da bayansa."

"Ladabi ne. Yana gaban matar ubangidansa. Kai ma da kana da shi da ka kwantar da naka."

"Gashin bakin da ya ja baya, da kumatun da suka shafe fa? Yi shiru ki saurara."

"Ni za ka ce wa in yi shiru?"

"Na san ban taɓa ganin an yi ba, amma ki gwada."

Ta yi shiru. A cikin shirun sai ga wata 'yar ƙara tana fitowa daga bakin zomon, ƙurus, ƙurus, kamar ana taka tsakuwa. Ta ji ta tun jiya, ta ce wa kanta tauna yake yi.

"Haƙoransa yake niƙawa," in ji Likita. "Kukansa ke nan. Tun shekaranjiya yake yi miki ihu, ke kuma kina yaba masa ladabi."

"Ihu ba sauti? Wannan karatun a ina aka sayar maka da shi?"

"A makarantar da kika ce asarar kuɗi ce. Ki duba, zomo a daji ba shi da masoyi. Shaho na nemansa, maciji na nemansa, kare na nemansa, har kawu mai tarko. Duk wanda ya nuna yana ɗingishi shi ake fara ɗauka. Saboda haka ko wuƙa ce a cikinsa sai ya zauna ya yi kamar yana sauraren labarai. Ranar da kika ji zomo ya yi ƙara da bakinsa, to magana ta riga ta ƙare."

Sista ta tsaya tana kallon kwalbar. A zamaninsu maganin ciwo a kulle yake cikin kabad, makullin a ƙugunta, kuma bai taɓa isar kowa ba. Wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara ba. Wanda ya yi shiru sai ta dafa kafaɗarsa ta ce masa jarumi, ta wuce gado na gaba. Da wannan ma'aunin ta yi aiki har ta gama, kuma ba wanda ya taɓa ce mata yana da gyara sai yau, wai ɗan da ta yi wa wanka da hannunta yana jariri.

"To ai sai a ba shi yanzu," ta ce. "Mene ne na dogon wa'azi?"

"Yanzu ya wuce na kwalba. Cikin zomo kamar injin niƙa yake, dole kullum ana zuba masa. Ciwo ya hana shi ci, cikin ya tsaya, tsayawar ta ƙara masa wani ciwon. Sai mun kashe ciwon kafin injin ya tashi."

Ya ɗora abin sauraren ƙirji a kan cikin zomon, ya daɗe yana saurare. Wannan dogon sauraren nasa bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

"Ka sani," ta ce, "in wani abu ya sami zomon nan, kotu zan kai ka. In ce a raba auren, a ba ni firjin nan."

"Firjin ai allurai ne a ciki."

"Zan zubar in sa ruwan sanyi." Ta dubi zomon. "Zai tashi?"

Ya ɗago ya dube ta, babu wasa a fuskarsa.

"Cikin bai mutu ba, ina jin ɗan motsi. Kin kyauta da kika kawo shi yau. Da gobe ce, ban san me zan gaya miki ba."

Sai ta huce a kan sikelin da ya ɗora zomon.

"Wannan kuma na mene ne? Sayar da shi za ka yi?"

"Da nauyinsa ake auna magani. Ba irin naku ba ne, na babba ƙwaya biyu, na yaro ɗaya, na tsohuwa addu'a."

"Allah ya shirye ka. Miƙo sirinjin nan, ba ka iya riƙewa ba. Kamar mai riƙe da muciya."

"Ke dai riƙe mini majinyacin. Naɗe shi da tawul, ki tallafi bayansa, kada ya zabura ya karya ƙashin baya."

"Ni za ka koya wa riƙon majinyaci? Na riƙe uwarka tana naƙudarka, kuma ta fi wannan harbi."

Duk da haka ta yi yadda ya ce. Ya ɗaga fatar bayan wuyan zomon ya yi masa allurar kashe ciwo, sannan ya bi shi da ƙarin ruwa mai ɗumi a ƙarƙashin fata, har wajen ya yi ɗan tudu. Ya duba ɗinkin muƙamuƙin ya ce yana da kyau. Sista ta ɗaga gefen mayafinta ta leƙa agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, irin na ma'aikatan jinya mai reto kai a ƙasa. Ta haddace lokacin allurar, don hannunta bai san a yi allura ba a duba agogo ba.

"Har yanzu yana aiki?" in ji Likita. "Ki ba ni gadona tun kina da rai mana."

"Tun kana shekara biyar kake bin agogon nan da ido. Sai ka zama likitan mutane."

"Mutane ai surutu gare su. Ga misali a gabana."

Ya cika wata kwalba da ruwan ɗumi ya naɗe ta da tsumma ya jingina wa zomon, ya rage hasken ɗakin, ya ce sai a jira maganin ya kama. Sannan ya jawo mata kujera.

"Zauna."

"Ba na zama a asibitin awaki. Ƙuma."

"Sabuwa ce, jiya na goge ta."

"Na ce ba na zama. Nas ba ta zama a bakin aiki."

Gaskiyar ita ce kujerar gajera ce, kuma ƙugunta na dama ya daɗe da daina shiri da gajerun kujeru. Zama wahala, tashi kuma ya fi. Sai ta jingina da teburin ta ɗora nauyinta a ƙafar hagu, tana karanta sunayen karnukan bango kamar za a yi mata jarrabawa. Likita ya koma gefe yana dama niƙaƙƙiyar ciyawa da ruwa a ɗan kofi, wadda za a ɗura wa zomon da sirinji. Yana damawa yana satar kallonta. Da tsayuwar ta yi tsawo, ƙafar hagun ma ta fara rawa, dole ta kama hannun kujerar ta sauka a hankali. Haƙoranta ne kawai suka haɗu suka yi ƙara.

Likita ya ajiye cokali.

"Ikon Allah. Ashe zomaye biyu aka kawo mini."

"Ina na biyun?"

"Ga shi a kujera da mayafi. Ido a tsuke. Kafaɗa a dunƙule. Haƙora suna niƙa. Kunnuwan ne kawai ban gani ba, ɗankwali ya rufe."

"Zan ci mutuncinka a gaban zomon nan."

"Mama ta ce abincin da take aiko miki rabi ake dawo da shi."

"Uwarka ba ta iya girki ba. Ni na san wadda ta koya mata, amma ba ta ɗauka ba."

"Rage ƙiba kike yi ke ma, ko yajin aiki? Ina maganin ƙugun da likitanki ya rubuta miki?"

"Yana nan."

"Na san yana nan, shi ne matsalar. Buɗe jakar."

"Miji ba ya leƙa jakar matarsa."

"Ba leƙawa zan yi ba, ke za ki fito da shi."

Ta yi ta jan rai, ta fito da carbi, ta fito da makullai, ta fito da ƙullin ganyen karas da ta tsinko wa Manaja ko zai yi sha'awa a hanya. A ƙarshe dai kwalin ya fito. Shi ma ko ɓantarar ƙwaya ɗaya ba a yi ba.

"Na ajiye ne saboda ranar da abin zai yi tsanani," ta ce. "Ni ai ba na kuka."

"Na sani. Kaka ma bai yi ba."

Ya faɗe ta a hankali, kuma nan take ya so ya mayar da ita ciki. Sista ta sunkuyar da kai. Marigayi ya yi wata da watanni yana dafe ciki yana cewa lafiya lau, ita kuma tana gaya wa maƙwabta irin jarumtar mijinta. Ta ji zafin maganar har cikin ranta, ta kuma san ba don ya ɓata mata ya faɗa ba. Yaron nan tsoro yake ji, irin wanda ya fito da ita daga gida da kwando.

"Ka gama?" ta ce. "Ciyawar taka tana sandarewa."

Ya ɗauko zomon ya ɗora mata a cinya cikin tawul. Ya nuna mata yadda za ta zura bakin sirinjin ta gefe, bayan haƙoran gaba, ta ɓangaren da ba ɗinki, ta matsa kaɗan ta jira ya haɗiye. Na farko ya zubo a haɓarsa. Na biyu ya tsaya a bakin, can sai muƙamuƙin ya motsa.

"Ya haɗiye," ta ce.

"Ya haɗiye. Amma fa ba zai koma gida ba. Na kwantar da shi a nan."

"A wannan kangon? Wa zai yi masa hira?"

"Ni. Ba zan sallami majinyaci in damƙa shi ga nas ɗin da ke ɓoye magani ba. Wadda ta hana kanta, zomo za ta ba?"

"Wannan garkuwa da mutane ne."

"Da zomo dai. Sharaɗina ɗaya ne. Shi ya sha nasa a kan lokaci, ko ya yi kuka ko bai yi ba. Ke ma ki sha naki yadda aka rubuta miki, ko kin yi kuka ko ba ki yi ba. In kin ƙi, Manaja ya zama ma'aikacina, in sa shi karɓar baƙi."

"Manaja bai taɓa aiki ba, ba kuma zai fara a ƙarƙashinka ba."

Suna cikin haka ta ji abu ya motsa a cinyarta. Kunne ɗaya ya ɗago, ya juya wajen ƙarar mai faci, sannan ɗayan ya biyo shi. Idon da ke tsuke ya buɗe ya yi ƙwal. Hancin ya fara rawa, ya bi iska har ya kai ga ƙullin ganyen karas da ta bari a gefen jaka. Manaja ya miƙa wuya ya ja ganye ɗaya, ya shiga tauna shi a hankali, ta gefe guda, har ya shige.

Sista ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Warin maganin shagon nan ya yi yawa," ta ce.

"Ƙwarai. Har ni yana sa ni hawaye."

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har zomon ya tsaya da tauna ya dube ta. Dariyar ta taɓo ƙugun, ta dafe shi, wannan karon ba ta ɓoye ba.

"To, da ciwo," ta ce. "Ka ji daɗi? Da ciwo ƙwarai. Tun bara."

"Sannu, Kaka."

"Kada ka sannu ni. Ba ni ruwa, kuma ba a kofin karnuka ba."

Ya kawo mata ruwa da biskit, ya ce ta fara cin wani abu tukuna. Ta harare shi don ita ta koya wa duniya wannan dokar, amma ta ci. Ta ɓallo ƙwayar ta haɗiye, ta buɗe masa baki ya gani kamar yadda take sa majinyata su yi mata. Sannan ta ɗauki kwalbar Manaja da ta dawo da ita ta mayar cikin jaka.

"Zuwa yamma zan sallame shi, in ya yi abin da kika ce kada in tambaya," in ji Likita.

"Zai yi. Zan yi masa magana."

Ta ɗaga mayafinta, ta ɓalle agogon daga ƙirjinta. Yatsunta sun ɗan yi gardama da fil ɗin agogon, amma ta cire. Ta jawo Likita ta kwalar farar rigarsa ta maƙala masa a karkace.

"Kin ce sai na zama likitan mutane," ya ce.

"Ai ka duba mutum ɗaya yau, ba laifi. Kuma ba kyauta ba ce, aiki ne. In lokacin magani ya yi ka kira ni a waya, ni da Manaja. Mu biyun ba mai gaya maka da kansa."

"To in na kira me zan ce?"

"Ka fara tambayar matarka, marar kunya, sannan zomo."